Shafukan intanet na ƙananan hukumomin masarautar Gumel: A daidaita ma'auni kafin a ba da kwangila

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na Najeriya kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma duk da haka ya sauya yadda jama'a ke kallon sakatariyar ƙaramar hukuma. Wanda kuɗi ya shiga hannunsa, nauyin bayani ma yana kansa. Mutane za su so su ga kasafin shekara, su san wa aka bai wa aikin gyaran asibiti ko haƙa rijiyar burtsatse, su kuma biya kuɗin rumfar kasuwa a ba su rasit ɗin da ba ya ɓacewa. A wannan zamani kuwa, wurin da ake fara neman irin wannan bayani shi ne wayar hannu.

Saboda haka ko ba daɗe ko ba jima, kowace ƙaramar hukuma za ta buƙaci babban shafinta na intanet, ko kuma ta sabunta wanda take da shi. Wannan ya haɗa da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda sarki ɗaya ya haɗa su, kujera ɗaya kuma ta haɗa su a Majalisar Wakilai. Kafin wani shugaba a cikinsu ya sa hannu a takardar kwangila, akwai shawarar da ya kamata su zauna su yanke tare: da wane ma'auni za a gina sassan waɗannan shafuka? Tambayar ta yi kama da ta ma'aikatan kwamfuta kaɗai, amma amsarta ce za ta nuna ko talaka zai iya amfani da abin da aka gina da kuɗinsa.

Abin da ake nufi da ma'auni ɗaya

Babban shafin hukuma kamar zauren gida yake: ƙofa ɗaya ake shiga, daga nan a rarrabu zuwa sassa. Wani sashe na cike fom ne, wani na biyan kuɗi, wani na sanarwa, wani kuma teburin kasafi. Kowane sashe an haɗa shi ne da ƙananan tubala da ke maimaita kansu: gurbin rubuta suna, maɓallin turawa, jerin da ake zaɓar mazaɓa a ciki, da jan rubutun da ke fitowa idan an yi kuskure.

Abubuwa biyu ne ke riƙe da waɗannan tubala. Na farko shi ne HTML, wanda ke faɗa wa waya ko kwamfuta cewa wannan kanu ne, wannan tebur ne, wannan gurbin lambar waya ne. Shi ne ƙashin ginin. Na biyu shi ne CSS, wanda ke tsara launi da girman rubutu da tazara, kamar yaɓe da fenti. Dukansu ba mallakin wani kamfani ba ne. Ƙungiyar W3C, wadda aka kafa a 1994, ita ta fitar da ƙa'idar CSS ta farko a Disambar 1996, ta kuma amince da HTML5 a Oktoban 2014.

Sai dai kasancewar kowa na amfani da HTML da CSS bai sa aiki ya zama iri ɗaya ba, kamar yadda magina biyu za su sayi siminti ɗaya amma kowa ya buga bulo da girman da ya ga dama. Ma'auni ɗaya na nufin a rubuta a takarda cewa ga yadda fom zai kasance, ga sunan da za a sa wa kowane tubali, ga fayil ɗaya na ado da duk sassa za su ɗauko daga gare shi. Idan an yi haka, sashen biyan kuɗin kasuwa da aka gina wa Maigatari za a iya ɗaga shi a dasa a shafin Gagarawa, ya zauna daram, ya ɗauki launin Gagarawa ba tare da an sake biyan kowa ba.

Mutanen Gagarawa ba sa buƙatar dogon bayani kan abin da bambancin ma'auni ke jawowa. Layin dogon da ya ratsa Gagarawa Tasha, wanda ya tashi daga Kano zuwa Nguru tun zamanin Turawa, faɗinsa milimita 1,067 ne. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa faɗinsa milimita 1,435 ne. Dukansu dogo ne, dukansu na ƙasa ɗaya, amma taragon wancan ba zai taɓa hawa wannan ba. Shawarar da aka yanke rana ɗaya a ofis ta ɗaure kowa shekara da shekaru. Haka lamarin shafukan intanet yake, sai dai shi ba a ganin ƙarfensa da ido.

Wanda rashin daidaito ke cuta

A ɗauki misalin ɗalibar da ta fito daga Ɗanzomo a Sule Tankarkar tana neman gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Tana buƙatar takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma, sannan ta cike fom ɗin makaranta, daga baya ta nemi tallafin karatu na jiha. Idan kowane shafi da nasa tsarin, wani zai fara da sunan mahaifi, wani da sunanta. Wani zai nemi rana kafin wata, wani ya bi tsarin Amurka na wata kafin rana, sai 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa ya sa takardunta su saɓa wa abin da ke kan lambarta ta NIN, daga nan sai zirga-zirgar kotu don yin rantsuwa, da kuɗin mota, da kuɗin mai shagon intanet wanda zai sake cike fom ɗin.

Ko kuma a ɗauki dillalin dabbobi a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda ake haɗuwa daga sassan Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Lambar waya a Najeriya lamba 11 ce, a Nijar kuwa 8. Fom ɗin da aka gina ba tare da tunanin bakin iyaka ba zai ƙi karɓar lambar baƙon da ya kawo raƙuma daga Damagaram. Idan ya ƙi, sai a koma rasit ɗin hannu, kuɗin shiga kuma ya bi hanyar da ba a iya bin sawunta.

Hukumar ma ba ta tsira ba. Idan ɗan kwangila ya gina shafi da salon da shi kaɗai ya sani, ranar da aka saɓa da shi ko aka sauya shugabanci, shafin ya zama kango. Sabon shugaba zai kawo sabon ɗan kwangila a fara daga tushe, a biya kuɗi sau biyu kan abu ɗaya. Ƙananan hukumomi huɗu da kowace ke gina nata fom ɗin shaidar asali sun biya sau huɗu ke nan. A faɗin Jigawa kuwa sau 27.

Darasi daga waɗanda suka riga

Matsalar ba sabuwa ba ce. A farkon shekarun 2000 manyan kamfanoni da jami'o'i sun riƙa gina zaurukan intanet da ke tattara sassa daga masu samarwa daban-daban, sai shafi ɗaya ya fito kamar rigar da aka ɗinka da ƙyallaye. A 2003 aka fitar da ƙa'idoji biyu don magance haka: JSR 168 ta masu aiki da yaren Java, da WSRP ta ƙungiyar OASIS. Cikin abin da suka tanada har da jerin sunayen ado na bai-ɗaya. Mai gina sashe zai sa wa maɓallinsa sunan da aka amince da shi, mai zauren kuma shi zai faɗi launin da duk maɓallan za su ɗauka. Manhajojin da aka ɗora wa wancan tsari yawancinsu zamani ya wuce su, amma dabarar raba aiki tsakanin mai tubali da mai ado tana nan.

Birtaniya ta ɗauki wannan dabara da gaske. A Oktoban 2012 ta buɗe GOV.UK, ta fara tattara shafukan ma'aikatunta a ƙarƙashin inuwa ɗaya, a 2018 kuma ta fitar da kundin tubalan da kowace ma'aikata za ta ɗauka kyauta. Ɗaya daga cikin sharuɗɗansu shi ne a fara gina hidima da HTML zalla ta yadda za ta yi aiki ko da sauran kayan ƙawa sun gaza sauka. Amurka ta fitar da nata kundin a Satumbar 2015, a 2018 kuma majalisarta ta yi dokar da ta ɗora wa hukumomin tarayya bin ma'auni wajen gina sabbin shafuka.

Akwai kuma darasin abin da ya kamata a guje wa. Shekaru da dama shafuka masu yawa a duniya sun dogara da Flash na kamfanin Adobe. A ranar 31 ga Disambar 2020 kamfanin ya daina kula da shi, duk abin da aka gina a kansa kuma ya daina buɗewa. Shafin da aka rubuta da HTML tun shekarun 1990 kuwa har yau yana buɗewa a kowace waya.

A gida ma ba a fara daga babu ba. Hukumar NITDA, wadda ɗan Haɗeja Kashifu Inuwa Abdullahi ke jagoranta tun 2019, tana da ƙa'idojin shafukan gwamnati, ita ce kuma ke kula da rajistar adireshin .gov.ng. Jigawa kanta na cikin jihohin da suka fara rungumar fasahar sadarwa a zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da aka kafa cibiyar Informatics a Kazaure da kamfanin Galaxy na jiha. Abin da ya rage shi ne a sauko da ƙa'ida daga takarda zuwa tubalan da mai gina shafi zai ɗauka ya yi aiki da su gobe da safe.

Zaɓi uku, ɗaya ya fi dacewa

Hanyoyi uku ne a gaban shugabannin huɗu. Ta farko ita ce a bar kowane ɗan kwangila ya zo da nasa, wadda ita ce ke faruwa da kanta idan ba a yanke shawara ba. An riga an ga inda take kaiwa.

Ta biyu ita ce a ɗaure kai da kayan kamfani ɗaya, ko da wata manhaja mai nauyi wadda sai waya ta sauke tarin lambobin JavaScript kafin ko harafi ɗaya ya bayyana. Irin waɗannan kayan aiki, kamar React da Facebook ya fitar a 2013, suna da amfaninsu a manyan manhajoji. Amma a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, mai ƙaramar waya da ɗan datan da ya saya zai zauna yana kallon farin allo. Masu buɗe shafi da Opera Mini don tsimin data su ma sukan gamu da sassan da ba sa motsi.

Ta uku ita ce a tsaya kan HTML tsantsa da fayil ɗaya na CSS mallakin gwamnati, a ƙara JavaScript kaɗan inda ya zama dole kawai. Ba sai an ƙirƙiro komai daga farko ba, domin akwai buɗaɗɗun kundaye irin su Bootstrap, da na Birtaniya da na Amurka, waɗanda za a iya duba su a ɗauki abin da ya dace a gyara. Wannan jarida na ganin hanya ta uku ce ta fi dacewa, saboda ita ce ke aiki a wayar da ta fi kowace arha, ita ce kuma duk matashin da ya koyi aikin shafi zai iya gyarawa.

Abin da ma'aunin zai ƙunsa

Na farko shi ne Hausa. Kowane tubali ya zo da rubutunsa na Hausa tun daga tushe, Turanci ya zama zaɓi na biyu. Wannan ya wuce fassara. Dole a ajiye rubutu da tsarin UTF-8, a kuma zaɓi samfurin haruffan da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, in ba haka ba sai a ga 'yan akwatuna a madadinsu. Bambancin "ƙasa" da "kasa", ko "baƙi" da "baki", ba ƙaramin abu ba ne a sanarwar hukuma. Akwatin bincike kuma ya gane cewa Ɗanzomo da Danzomo gari ɗaya ne, tunda ba kowace waya ke da haruffa masu lanƙwasa ba. A Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, shi ma a karɓe shi.

Na biyu shi ne sunayen wurare. Sule Tankarkar kaɗai ana rubuta ta a haɗe, a rabe, ko da ɗan layi a tsakiya. A samar da jeri ɗaya na mazaɓu da garuruwa, tun daga Galadi da Jajeri a Maigatari zuwa Medu da Kore Balatu a Gagarawa, da Hammado a Gumel da Jeke a Sule Tankarkar, kowa ya zaɓa daga ciki maimakon ya rubuta da hannu. Sai da haka za a iya tara alƙaluman huɗun wuri ɗaya a san adadin da aka karɓa da inda ya fito.

Na uku shi ne masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a ware su daga hidimar jama'a. Makaho na amfani da wayar Android ne ta hanyar TalkBack, manhajar da ke karanta masa abin da ke allo, kuma ba ta sanin gurbin suna daga na lambar waya sai idan an yi masa alama daidai a HTML. Ƙa'idar WCAG, wadda sabon zubinta na 2.2 ya fito a Oktoban 2023, ta tanadi cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Wannan na taimakon mai raunin gani, yana kuma taimakon duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta waya da tsakar rana a kara.

Na huɗu shi ne nauyi. A sa iyaka kan girman kowane shafi, a kuma rubuta a kwangila cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an gwada aikin da ƙaramar waya a wani ƙauye na ƙaramar hukumar, a gaban shaidu. Gwajin da aka yi a ofis mai sanyi da intanet mai gudu ba ya nuna komai. Kasafin kuɗi ma a sa shi a tebur da waya za ta iya karantawa, maimakon hoton takarda da aka ɗauka a karkace.

Na biyar shi ne mallaka. Lambobin shafin da adireshinsa da kalmomin sirrinsa su kasance a hannun hukuma da sunan ofis. Fom kuma kada ya tambayi abin da ba a buƙata, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan jama'a alhakin tsare su.

Masu ja da wannan shawara

Akwai masu cewa wannan ya saɓa wa 'yancin da ƙananan hukumomi ke fafutukar samu. Damuwar tana da tushe, musamman ga waɗanda suka daɗe suna jiran umarni daga Dutse. Sai dai ma'aunin da huɗun suka zauna suka amince da shi da kansu bai rage wa kowa iko ba. Maigatari za ta iya sa hoton kasuwarta da launinta, Gagarawa ta nuna riɗinta, kowace ta rubuta abin da ta ga dama. Abin da aka haɗa kawai shi ne girman bulo. 'Yan kasuwar hatsi sun san cewa tiya ɗaya ba ta hana kowa sa farashinsa, rigima kawai take ragewa.

Wasu kuma za su ce hakan zai toshe wa ƙananan masu gina shafi hanyar abinci. Akasin haka ne zai faru. Idan ma'auni a buɗe yake, matashin Gumel da ya kammala Informatics ko ya samu horo a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya zai iya karɓar aikin gyara sashe ɗaya, ba sai an jira babban kamfani daga Abuja ko Legas ba. Rufaffen tsari ne ke mayar da aiki hannun mutum ɗaya.

Ƙorafi na uku shi ne ya fi nauyi: idan ma'aunin ya zo da kuskure, kuskuren zai bazu ko'ina, idan kuma aka bar shi ba kulawa zai tsufa ya zama ƙarfen ƙafa. Wannan gaskiya ne. Maganinsa shi ne a naɗa masa mai kula, a sa wa kowane zubi lamba da kwanan wata, a riƙa bitarsa sau ɗaya a shekara. Amfanin abu ɗaya shi ne idan an gyara shi wuri ɗaya, gyaran ya isa ko'ina a rana ɗaya.

Wa zai ɗauki mataki

Aikin farko na shugabannin huɗu ne. Su kafa ƙaramin kwamiti da ya haɗa jami'an kuɗin shiga da na tsare-tsare, da malaman Hausa da na kwamfuta daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, da wakilin masu buƙata ta musamman, da wakilin 'yan kasuwar Maigatari. Kada a fara da komai a lokaci ɗaya. Tubala goma da hidima biyu, wato shaidar asali da rasit ɗin kasuwa, sun isa gwaji. Kansiloli kuma su ƙi amincewa da duk kasafin shafin intanet da bai ambaci ma'aunin ba.

Gwamnatin Umar Namadi, ta hannun Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi, na iya tallafawa da masauki ɗaya na kundin da horar da ma'aikata, ba tare da ta ƙwace aikin ba. Ƙungiyar ALGON reshen jihar ita ce ta fi dacewa ta kai abin da ya yi nasara ga sauran 23. NITDA kuwa lokaci ya yi da za ta fitar da kundin tubala na ƙasa wanda ya san haruffan harsunan Najeriya, domin abin da ke damun Hausa yana damun Yarbanci da Ibo da Fulatanci.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Zaman da za a yi a daidaita ma'auni ba zai ci kuɗin da ya kai na kwangila ɗaya ba, amma sai an yi shi kafin a fara ba da kwangilolin. Idan aka bari kowace ƙaramar hukuma ta shimfiɗa nata dogon da nata faɗin, gyara zai koma rushewa da sake gini, kuma 'yar Ɗanzomo da dillalin Maigatari ne za su biya.